Hanyar Keken Yaya Habi

Wata Asabar da safe, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu, dattawan layinmu a Agege suka fito da igiya da bokitin toka. Baba ne a gaba yana tura keken Yaya Habi, irin mai taya uku da ake murzawa da hannu, domin shan inna ya kama mata ƙafafu tun tana goye. Danfo, motocin hayan Legas, sun cinye babban titi, shi ya sa aka yanke shawarar fitar da hanya ta bayan gidaje, daga bakin layin dogo zuwa ƙofar makaranta. Da faɗin keken nan aka yi awo, aka ƙara wurin mutum ɗaya a gefe, duk inda taya ta bi sai a zuba toka. Iya Risi mai burodi ta ja teburinta baya tana mita da Yarabanci, mahauta suka kawar da gangunansu. A bakin hanyar aka ɗaura sarƙa da kwaɗo: mai ƙafa ya tsallaka, mai keke ya ɗaga abinsa, okada kuwa, wato babur ɗin acaɓa, ta yi nauyi. Ni aka rataya wa mabuɗin a wuya, tunda ni ke raka Yaya.

A wannan hanyar muka yi ƙuruciya. Nan muke gara tsohuwar taya, nan muke langa bayan la'asar, nan muke bi da jarkokin ruwa ba mai yi mana hon. Masu tallar burodi kan wuce a kan kekuna suna kaɗa ƙararrawa. Yaya Habi ta fi kowa sauri, takan bar ni a baya ina haki tana ce mini malalaci. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma Baba ba ya gajiya da faɗa wa mutane.

Ni na fara buɗe wa 'yan okada sarƙar, don kawai suna ɗora ni su zaga da ni. Ba na neman uzuri. Amma abin da har yau ke ƙona mini rai, manya sun gani, ba wanda ya tsawata, sai ma kowa ya ga dama ta samu. Tebura suka dawo gaba, wani ya gina wa janaretansa keji, wani Alhaji da shi aka zuba tokar nan ya fito da dakali har tsakiya. Da Baba ya yi magana a masallaci, aka ce masa, "Malam, nan Legas ce." Ranar da keken ya maƙale tsakanin dakalin da bango, na ja, na tura, ya ƙi. Yaya ta ce mu koma titi. Ba mu daɗe muna bin titin ba wata danfo ta goge ta, ta kifa cikin lambatu da littattafanta. Ba ta karye ba, amma Baba ya rantse ba za ta sake fita ba, karatun ya tsaya a nan. Da na kawo mata ruwa ina sunkuyar da kai, abin da ta ce kawai shi ne, "Sani, da ka bar mini mabuɗin a hannuna."

Yanzu Yaya tana ɗinki a ɗaki, kuma ita ke duba wa 'ya'yana aikin makaranta. Hanyar ta zama bayan shaguna, ko akuya sai ta karkace. Ina ganin yara da safe suna bin gefen titi, kafaɗa na gogar bango, okada na wucewa ta jikinsu. Lokaci-lokaci a kira taro a ce za a tsara hanyar masu ƙafa da masu keke, a nuna zane a takarda, a tafa, waɗanda suka toshe ta farkon suna zaune a sahun gaba. Mun taɓa samun hanya, mu da kanmu muka cinye ta.