Kwaɗin da Suka Raba Mu da Ɗaki

Lokacin da nake aiki a wani shagon kayan lantarki a Dubai, ɗaki ɗaya muka haɗa a unguwar International City da wani mutumin Kano mai harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kaya gida. Ban taɓa tsanar mutum kamar shi ba, kuma kwaɗi ne sila.

Ya je gida ya dawo da su a cikin robar abinci da ya huhhuda. Ƙanana ne, ba su wuce kan babban yatsa ba, jajaye masu ɗigon baƙi. Ya ce a dajin kan duwatsu aka kamo su, wajen iyakar Kamaru, inda gajimare ke sauka har kan bishiyoyi, kuma ba a samun irinsu sai can. Wai wani Balarabe mai kiwon irin waɗannan halittu zai saya.

Ya zuba su a akwatin gilashi daf da gadona. Sanyi da laima suke so, saboda haka na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, shi kuma yana ta fesa ruwa har bango ya yi fumfuna. Ga ruɓaɓɓiyar ayaba da ya ajiye don ta tara musu ƙananan ƙudaje. Tari ya kama ni.

Na ce, "Malam, ka fitar mana da ƙazantar nan."

Ya ce, "Kai da ka zo Dubai sayar da ƙwan fitila, me ka sani? Khalas, shi ke nan, kar ka ƙara yi min maganar."

Daga ranar ko sallama ba ta haɗa mu.

Balaraben bai zo ba, kullum sai gobe inshallah. Kwaɗin suka daina ci, jansu ya dushe, suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da shi tsaye, kwaɗon ƙarshe a mace a tafin hannunsa.

Ya ce, "Kai ka fesa musu maganin sauro."

Na ce, "Wanda ya raba su da dajinsu ya kawo su hamada, shi ya kashe su."

Ya shaƙe ni, na ture shi kan akwatin, gilashin ya tarwatse. Maƙwabtanmu 'yan Pakistan suka raba mu. Da mai gidan ya zo ya ga bangon, sai ya kore mu duka.

Na koma unguwar Al Ras da zama. Sau ɗaya na ƙara ganinsa, yana zaune cikin abra, jirgin fiton da ke kai mutane Bur Dubai. Na tsaya a bakin ruwa har jirgin ya tashi, na jira na bayansa.