Shafin Hilda Mai Gida Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina tsara shafuka a wata ƙaramar jaridar mako-mako a nan Gombe, ba wanda ya wahalar da ni kamar Hilda, editar shafin mata. 'Yar Kaltungo ce, tsohuwar malamar firamare, tana zaune a unguwar Barunde. Gajera ce, amma in ta yi magana har bakin titi ana ji. Kafin zuwanta wani ƙato ne ke rubuta shafin da sunan Anti Jummy, yana koyar da girkin da ko shi ba zai ci ba.

Hilda ta kawo abubuwan gaske: ranakun awon ciki, alamomin sikila, yadda mata ke yi wa ƙungiya rajista. Amma wata shida, ko wasiƙa ɗaya ba ta zo ba. Mai jaridar, Alhaji Bamanga, ya kira ta.

"Malama Hilda, maza ke sayen jarida. Na ba ki mako huɗu. In mata ba su amsa ba, ƙwallo zan sa a shafin."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Washegari da safe ta tsaya sayen ƙosai a unguwar Shamaki wajen wata dattijuwa, Adda Iklima, sai aka ƙunshe mata a cikin rubutunta. Jaridun da ba su shiga ba masu ƙosai ke kwashewa, su yaga kowane shafi gida huɗu.

"Adda, ni na rubuta wannan," in ji Hilda.

"Ashe ke ce! To 'yata, kina ba mu haushi. Matan unguwa na karantawa, sai magana ta yi daɗi a tarar ƙarshenta ya tafi wani gidan."

Hilda ta faɗo ofis ko mai ba ta goge a hannu ba. Wai in raba shafin gida huɗu daidai inda ake yagawa, kowane gida da zancensa cikakke, da lambar wayarta a ƙasa. Na ce wannan ba tsarin jarida ba ne, abokan sana'a za su yi mini dariya. Ta ce su yi ta yi. Na yi dai, ina ƙunƙuni.

Mako na farko shiru, domin sai jarida ta tsufa take isa bakin kasko. Na biyu ma haka, har na fara tausayinta. A na uku waya ta fara ƙara, daga Shamaki, daga Kumbiya-Kumbiya, Hilda ba ta ko samun cin abinci.

Alhaji ya ce shi bai ga komai a rubuce ba. Sai ta ce wa masu kiran su zo da kansu. Ranar Litinin ta ƙarshe mata suka cika ofis har baranda, na ƙirga arba'in da uku, kowace da guntuwar takarda duk mai. Wata mai goyo, Nancy, ta ajiye tata a teburin Alhaji.

"Baba, a nan na karanta alamomin sikila, na kai ɗana asibiti. Da har yanzu jiƙo nake ɗura masa. Ga shi nan a bayana."

Alhaji ya daɗe yana kallon yaron. Sannan ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ma'aikaci ba.

"Malama Hilda, na yi kuskure. Shafin naki ne."

Matan suka rangaɗa guɗa. Hilda mai baki kuwa sai hawaye.