Baba Mai Makulli Da Labarinsa Marar Gishiri

"Na ce ka ba shi makullin nan!"

"Ba zan bayar ba, ranka ya daɗe. Dube shi fa."

"Mai kaya sai kirana yake kamar zai fasa wayar! Kai ne manaja ko ni?"

Ni dai abinci na kawo wa autana, ba gulma ta kawo ni ba, ko da yake da na ji murya ta tashi sai na gyara tsayuwa a bakin ƙofa. Manajan kamfanin manyan motoci ne ke ta kumfar baki, Baba Mai Makulli kuwa na zaune dafe da aljihu. Wanda ake rigimar a kansa, autan nawa, yana kan benci baki buɗe yana minshari. Da safen nan ya sauka daga doguwar tafiya, ana so ya sake juyawa.

Baba tsohon direba ne, ciwon gwiwa ya sauke shi daga mota, aka ba shi ajiyar makullai. Kullum zai share ofis, ya goge benci, ya kakkaɓe wani tsohon filo. Direba ya zo karɓar makulli sai ya ce, "Zauna, ɗana, in ba ka labarin motata ta farko." Jama'a, labarin nan ko gishiri babu! Daga tayar gaba yake farawa, ya bi ƙusa ƙusa. Na taɓa laɓewa a taga na saurara, ni da zance ba ya isata, sai da na yi hamma. Wanda ya kai ƙarshe ido biyu, ga makullinsa. Wanda ya fara gyangyaɗi, Baba ya tura masa filo.

Matar bakanike, wadda ba ta ƙarya sai a kan shekarunta, ta ce a gabanta wani direba, Dogo, ya zagi Baba tas, ya rantse shi barci bai san shi ba. Ba a kai ga tayar baya ba ya ɓingire. Da ya farka ya rasa garin da aka aike shi ma. Washegari matarsa ta zo ta durƙusa har ƙasa tana yi wa Baba godiya.

An ce akwai dokar da ta hana direba wuce ƙima a tuƙi ba hutu. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san doka ba ta da idon da za ta ga jan idon yaro. Kai ne idonta, Baba. Kai ne ka sha tsinto abokanka a gefen titi ka rufa musu zane, ka rantse ba za a sake haka da makullin da ke hannunka ba. Katangar 'ya'yan mutane, mun gode, mu iyaye da matan da ke kwana da waya a ƙarƙashin kai. Allah ya saka, ya sassauta maka gwiwar nan. Ku kuma masu riƙe da makullai a sauran wurare, in ba ku da labari marar daɗi, ku zo ku ara.

Ƙarshen wata Baba zai ajiye aiki. Wai hutu ne aka ba shi. Mu da muka tsaya a bakin ƙofa mun san yadda aka yi.

Manaja ya ce, "Ko makulli, ko aikinka. Zaɓi."

Shi ma abin tausayi ne, bawan Allah, idonsa ja wur, na sama na danna shi.

Baba ya dube shi ya ce, "Aikin naku ne, ku karɓa. Yaron nan na tsohuwar can ne. Kai ma zauna, ranka ya daɗe, in ba ka labarin motata ta farko."

Dariya ta kuɓuce mini, na toshe baki da mayafi. Manaja ya harare ni, ya harari Baba, ya fice ya buga ƙofa har makullan bango suka yi ƙara.

Autana ko motsi bai yi ba.