Takardar Mutuwar Yayana

Yayana bai taɓa buga ƙwallo ba, ko ta tsumma. Amma in samarin ƙauyenmu za su fita wasa, shi ke gaba da gorar ruwa da bakinsa mai kaifi, yana zagin alƙalin wasa tun kafin a hura usur. Ni kuwa na yi lakwal, makarantar boko, shekara shida na dawo gida ba aiki, ina rubuta wa mutane wasiƙa ranar kasuwa, ina jin kaina. Shi da matarsa "ɗan lakwal" suke ce mini, kuma ba don yabo ba.

Lokacin sojoji ne ke mulki, damina biyu a jere ta ci amanarmu. Ƙauyenmu na tsakanin Tasawa da Mayahi, inda yashi ke riƙe tayar mota. A shekarar nan samarinmu, da cikinsu a ɗame, suka kai wasan ƙarshe na ƙauyuka. Aka ce a birni za a buga, gaban kwamanda, sojan da ke riƙe da yankin. Muka cika babbar mota har bisa ƙarfe muka tafi. Kowa ya bar irin geronsa a ƙulle a ɗaka, yana jiran sama.

Katangar ƙasa ce ta kewaye filin, ƙofarsa ɗaya ta ƙarfe. Da kwamanda ya zauna sai aka sa mata sarƙa da kwaɗo, domin a zamanin ba mai tashi kafin babba ya tashi. Gardi, dogarin gwamnati da ke riƙe da mabuɗi, ya jefa shi aljihu, ya tafi can wajen rumfar manya yana kallon wasa. Na gani da idona. Ban ce komai ba, don a lokacin ba a cewa komai.

Bayan hutun rabin lokaci hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso, sai ƙamshin ƙasa. Wanda bai yi noma a wajenmu ba, da wuya ya gane abin da ya biyo baya. Ruwan farko in ya sauka, washegari da sassafe ake shuka, kafin yashi ya shanye laimar, kuma wanda ya makara sai ya jira wani ruwan da ba a san ranarsa ba. Mutanen da suka yi shekara biyu suna kallon sama ba su tsaya ganin wa zai ci kofi ba. Filin gaba ɗaya ya miƙe ya nufi ƙofa, kowa na son ya sami mota. Na gaba suka iske sarƙa. Na baya ba su sani ba, suna ta turowa suna dariya, ruwa na dukan fuskarsu. Dariyar nan har yau ba ta bar kunnena ba.

Kafin gardi ya ratso da mabuɗi, katangar gefen ƙofa ta zube. Na sami yayana a jikin ƙarfen ƙofar, bakinsa a buɗe, ba rauni ko ɗaya a jikinsa.

Babban malamin asibitin birnin ya zo a guje, yana cewa a kai kowa asibiti a duba a rubuta. Ni ne na tare shi. Na ce ɗan'uwana ba zai kwana a kan tebur ba, gida za mu kai shi a yi masa sutura kusa da kakanninsa. Duk motar nan ba wanda ya kai ni sanin amfanin takarda, amma ni na faɗi haka. In kuma za a bi gaskiya, rabin zuciyata na kan gona. Sauran ƙauyuka ma haka suka yi, kowa ya ɗauki nasa ya wuce. Muka binne shi da safe, kafin hantsi muna gona, Baba na sara da sungumi ina bin sa da iri. Ruwa bai sake sauka ba sai bayan makonni, shukar ta ƙone.

Bayan sadakar bakwai na kasa zama. Rediyo ta ce an ɗage wasa saboda ruwa, shi ke nan. Na ɗauki tsohon littafina na lakwal na shiga bin kasuwanni, Hawandawaki, Kanambakashe, duk inda na ji an yi rashi ran nan, ina tambayar sunan mamaci da na ubansa. Wasu su faɗa, wasu su waiga hagu da dama su ce kar in jawo musu. Har yau ba wanda ya san ko mutum nawa ne, ni ma ban sani ba.

Baba ya gaji da ni. Ya ce, "Mi kaka nema? Ka iya tashe shi?"

Na ce ba tashinsa nake nema ba, so nake wani ya buɗe baki ya ce an kulle ƙofa.

Ban san sau nawa na je biron kwamanda ba, kuma a ofishin nan ban taɓa wuce teburin sakatarensa ba, wani mai sanyin murya da ba ya ɗaga kai.

"Ina takardar likita?"

"Babu."

"To, ba takarda, ba dosiye, ba ƙarar da za a buɗe. A sanina kowa ya hita fili da ƙahwahunai."

Na sha jin kamar in shaƙe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na ba shi wannan hanyar da hannuna.

Rani ya shigo rumbu wayam. Matar yayana ta fita takaba da yara uku, ƙaramin a baya, ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya. Aka fara rabon jar dawar taimako, aka ce matan da mazansu suka mutu suna da kati na daban, amma sai da takardar mutuwa mai hatimi. Na koma biro. Wannan karon sakatare ya ɗaga kai, har ya ba ni kujera. Ya ce abin mai sauƙi ne, shaida ɗaya ake so mai iya sa hannu. Ya buga takardar ya juyo mini ita. An rubuta da Faransanci cewa yayana ya rasu a ɗakinsa, bayan zazzaɓi.

Na ce ya gyara wurin nan.

Ya ce, "Wagga ita ad da hatimi. Wadda kaka so, babu ta. In shawara za ka yi, tahi ka yi, amma jibi aka ruhe rabo."

Na fita na zagaya ginin sau biyu, na zauna, na tashi. Na tsani mutumin, na tsani kaina fiye da shi. Na dawo na sa hannu, da sa hannun nan mai lanƙwasa da na yi shekaru ina koyo a bayan littafi.

Na iske matar yayana tana dafa ganyen tafasa. Ta goge hannunta, ta karɓi takardar hannu biyu, ta shafa hatimin.

"Ɗan lakwal, karanta mani. Mi sunka rubuta?"

Na kafa wa takardar ido, na karanta mata da Hausa cewa mijinta ya rasu a ƙofar filin ƙwallo, ƙofar tana kulle da sarƙa.

"Har da sarƙar?"

"Har da ita."

"Ashe sun yarda. Wahalarka ba ta tahi banza ba, Allah shi yi maka albarka."

Dawar ta fitar da yaran ukun daga shekarar. Takardar kuwa ta ajiye ta a ƙasan kwanonta na jere, duk baƙon da ya zo sai ta fito da ita ta nuna masa hatimi. Ni kuma na daina bin kasuwanni da littafi.

Bayan shekaru, babbar ƴarta ta yi nisa a lakwal, kuma ni na dage a sa ta. Wata rana ina zaune a tsakar gidansu, uwar ta ɗauko takardar ta miƙa mata.

"Yanzu kin iya. Karanta ki ga abin da babanki ƙarami ya yi ma ubanki."

Yarinyar ta karanta a zuci, leɓenta na motsi, tun daga sama har ƙasa inda na sa hannu. Ta daɗe a wurin. Sannan ta ɗago ta kalle ni.

"Na gani, Inna," in ji ta, ta ninke takardar ta mayar a kwano.