Ƙararrawar Yaran Tungar Maƙera

Tun kafin kiran assalatu na ɗaura wa jakina akumari na bar Isa. Shekarar sanƙarau ce, da bazara, zamanin Turawa, sun hana cin kasuwa, sun sa an tsare hanyoyi. Abin da ya fitar da ni saƙo ne daga wana, Yaya Bawa, maƙerin fari, mai zubin tagulla, a wata tunga yamma da Sabon Birni. Wani mai raƙumi ya kawo mani shi da baki: "Wanka ya ce ka zo ka yi mai zuga, babu sauran mai yi." Rabona da zugazugi tun ina saurayi, da na bar ƙira na kama fatauci.

Bakin Gulbi

Da hantsi na iske igiya a gicciye bisa hanya, ga ɗan doka a ƙarƙashin tsamiya, ga malamin asibiti ya rufe hanci da ƙyalle. Duk wanda zai wuce sai ya duƙar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. Wata mata da ke gabana ta kasa, sunka janye ta zuwa wata rumfar zana, ba ta ko yi gardama ba. Ni na duƙa lafiya.

Ɗan dokan ya ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Tungar Maƙera za ni."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sauke igiya. "Wurin wa?" in ji shi. Bai jira amsa ba.

Gulbi ya janye, ruwa iya gwiwa. Daga nan har la'asar garuruwa na yi ta ratsawa, kaji na kiwo a ƙofar gidaje, turame a kife, ban ji sakar taɓarya ko ɗaya ba.

Sabon Birni

Na sauka gidan Inna Tumba, tsohuwar da ke saukar da fatake. Ta ba ni fura da nono, da almuru tuwon gero da miyar kuka. Da ta ji inda na nufa sai ta aje mara.

"Ɗana, garin nan ya mutu. Waɗanda sunka saura sun ƙetare iyaka, sun gudu ƙasar da Faransa ke mulki. Amma masu itace sun ce har yanzu hayaƙi na tashi maƙera."

Na ce, "Wana ne, Inna."

"Tau, ɗauko shi ka fito. Kak ka kwana."

Tungar Maƙera

Na bi hanyar Unguwar Lalle, na ratse cikin daji, rana na tsaka na iso. Sabbin kushewu sun kai har bakin rijiya. Na iske Yaya zaune cikin maƙera, ya rame, idanu sun faɗa. Matarsa da 'ya'yansa duka sun rasu, shi ya gina masu kushewa da hannunsa. Munka yi gaisuwa, na ce ya tashi mu tafi.

"Sai mun yi zubi," ya ce. Ya nuna mani curin laka jere gindin bango, kamar ƙwan jimina.

Kafin ciwo ya shigo, matan garin sun kawo mai tsofaffin mundaye na tagulla ya zuba wa yaransu 'yan ƙararrawar ƙafa domin salla. Ga wanda bai san aikin ba: da kakin zuma ake fara siffanta ƙararrawa a bisa ɗan dunƙulen laka mai tsakuwa a ciki, a lulluɓe da laka da kashin jaki, a shanya. In an gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Sai a liƙa ɗan kasko mai gutsattsarin tagulla a bakin curin, a sa wuta, in ta narke a juya ta gangara ta cika gurbin. Kowane curi da munduwar uwar yaron a ciki. Yaya ya yi duk wannan shi kaɗai, saura narkarwa, zuga ce ta gagare shi, don mutum ba ya zuga yana riƙe da awartaki.

Na ce, "Yaya, masu su fa ba su."

"Na karɓi kayansu, Garba. Alkawali bai mutuwa."

Na zauna na kama zugazugi. Gawayin ƙirya ya kama, harshen wuta ya koma kore-kore, alamar tagulla ta fara narkewa. A nan ne na ji gudu bayan darni, gudun ƙananan ƙafafu, da irin dariyar da yara ke yi in suna ɓoyo. Rana tsaka, ba iska, ko ganye ba ya motsi. Hannuna ya tsaya.

"Yi zuga," in ji Yaya, bai ɗaga kai ba. "Kak ka waiwaya. Kullum nan suka tsayawa, jira sukai."

Na yi ta zuga ina karanta duk abin da ya zo bakina, zufa na shiga idona. Shi kuwa yana ɗauko curi da awartaki, ya juya, ya aje bisa rairayi, yana kiran sunan mai shi kamar mai rabon goro. Akwai sunayen 'ya'yansa a ciki, har da ɗiyarsa Ladi, muryarsa ba ta ko girgiza ba. A na ƙarshe ya ce, "Hauwa ta Garba."

Hauwa ɗiyata ce, na bar ta Isa tana barci. Na miƙe. "Yaya, mi ya sa ka haɗa ta da su?"

Ya aje awartaki, ya ce, "Tun suna da rai na yi nata, da munduwar innarmu. Na manta in ware shi."

Da sunka huce ya bi su da guduma yana fasawa. Ƙararrawa ba ta kuka sai an ƙwaƙule lakar cikinta tsakuwa ta sami wurin motsi, kowane ɗan maƙeri ya san haka. Waɗannan da lakarsu a ciki, suna kwance bisa rairayi, na ji su suna ƙara, can ƙasa-ƙasa. Duka sun fito sumul, sai ɗaya. Da ya fasa curin Hauwa sai ga guntun tagulla ba siffa, curin ya tsage ta gefe, ta zube cikin toka. Yaya, wanda ke zagin kansa in zubi ya ɓaci, ya durƙusa yana alhamdu lillahi, hawaye na zuba.

Munka bi gida gida yana rataya wa kowane yaro tasa a bakin ɗakin uwarsa. Kafin la'asar ya rufe maƙera da asabari, na ɗora shi bisa jaki. Har munka fita gonaki muna jin cas, cas a bayanmu. A iyakar garin ƙarar ta tsaya.

Komawa Isa

Munka kwana wurin Inna Tumba, ba ta tambaye mu komi ba, ruwan zafi ta dafa wa Yaya. Washegari munka ƙetare gulbi, da magariba muna Isa.

Matata ta tare ni a zaure, idanunta sun kumbura. Ta ce ranar da na tafi zazzaɓi ya kama Hauwa, wuya ya sandare, har an fara kiran maƙwabta. Jiya da azahar ta yi zufa, wuyan ya saki. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Inna Tumba da ta ci da mu ba ta guje mu ba.

Na shiga ɗaki na iske Hauwa zaune tana shan kunu. Ta dubi Yaya Bawa a bayana, ta ɓata fuska.

"Baffa, su Ladi sun zo kirana wasa, kowa da ƙararrawa a ƙafa. Sunka ce ni ba ni da, in koma gida."