Adnan Mai Gudun Damari

Adnan ɗan Malam Gide ya fi kowa gudu a Damari. Kullum da safe yakan zura a guje a gefen gonarsu, ya huta, ya sake zurawa, yana shirin gasar jiha. Har wani gari yake sha, wai yana jinkirta gajiya.

Ranar da 'yan bindiga suka faɗo gonar, ya riga kowa kaiwa titi. Da ya waiwaya ya hango mahaifinsa yana ɗingishi, sai ya koma ya goya shi.

"Baba, riƙe ni da kyau."

A hanya ya ga 'yan bindigar sun kusa cim musu. Ya ɓoye tsohon cikin dawa, ya fito fili don su bi shi. Suka bi shi. Washegari Malam Gide ya ja sallar gawarsa.