Muntaka da Motar da Ba Ta Shan Mai

Muntaka ɗan Kurawa ne, amma a tashar motar Sabon Birni ya girma. Mahaifinsa ya so ya riƙe shi a gona, shi kuwa tun yana yaro idan ya jiyo ƙugin babbar mota ta taso daga Isa sai ya yar da fartanya ya yi bakin hanya. Ya yi karen mota shekara shida, ya yi shekara goma sha huɗu yana kai shanu da albasa Legas. Da bayansa ya fara ciwo, sai Alhaji Zainulabidin, babban ɗan kasuwar hatsi a garin, ya ɗauke shi direba. Shekara goma sha tara suka yi tare cikin tsohuwar jip guda, ruwan toka, wadda Muntaka ke wankewa da kansa kowace safiya. Ba ta taɓa kwana da su a hanya ba. A tasha, idan gardama ta kaure a kan mota, cewa ake yi a jira Muntaka, don shi daga ƙarar inji yake gane abin da ke damun mota. Matarsa Saude takan ce ko tuwo yake ci, zancen giya da birki yake yi.

Da babbar Sallah, Nasiruddeen, babban ɗan Alhaji, ya zo daga Abuja inda yake harkar filaye. Ya zagaya jip ɗin, ya ce abin kunya ne a ga mahaifinsa cikin wannan akwala. Alhaji ya yi ta ƙi, daga baya ya sakko.

"To, na yarda," in ji shi. "Amma ku tahi da Muntaka. Shi yas san mota, shi ka tuƙa ni. Abin da duk yac ce, shi za a yi."

Muntaka ya koma gida yana ta fara'a. Ya sa Saude ta goge masa farar shaddarsa, ya ce mata yau dai an san darajarsa.

A Abuja, Nasiruddeen ya kai shi wani gidan sayar da motoci mai bangon gilashi. Mota uku aka ware musu. Ta farko Marsandi ce baƙa, doguwa, tana sheƙi. Muntaka ya cire takalmi kafin ya shiga, mai sayarwar ya yi dariya ya ce ba sai ya cire ba. Kujerun fata ne masu laushi kamar tafin jariri, an yi wa ƙofofin ado da katako mai duhu, ga wasu siraran fitilu masu canza launi. Mai sayarwar ya danna wani abu, sai kujerar ta kama yi wa Muntaka tausa a daidai inda bayansa ke ciwo. Ya lumshe ido na ɗan lokaci. Da suka hau titi da ita, ya ji kamar a kan ruwa take tafiya. Amma da suka dawo, sai ya tattare shaddarsa ya durƙusa, ya auna tsakanin cikinta da ƙasa da hannu. Taƙi ɗaya bai cika ba. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Kuɗinta ya haura miliyan ɗari biyu.

Ta biyu jip ce Lekzus, mai tsayi, sai an taka matakala ake shiga. Cikinta bai kai na Marsandin ƙyale-ƙyale ba, amma akwai fili, mutum mai babbar riga zai zauna ya baje. Injinta na da nauyin murya. Muntaka ya nemi a bar shi ya sauka daga kwalta, ya bi da ita wata hanyar burji da ke bayan wurin, ya shiga rami da gangan har sau uku. Ko gezau ba ta yi ba. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, ya ga abubuwan da ya sani, waɗanda bakaniken Sakkwato zai iya kwancewa ya mayar. Tana shan mai ba kaɗan ba, kuɗinta kuma kusan ɗaya da na Marsandin.

Ta uku fara ce, ƙirar China, mai aiki da lantarki. Ba ta da makulli, ba ta da maɓallai, sai wani allo mai faɗin faranti a tsakiya. Rufinta gilashi ne, kana zaune kana kallon sama. Muntaka ya zauna yana jira a tayar da ita.

"Ai a kunne take, Baba," in ji mai sayarwar.

Ya taka totur kaɗan. Motar ta zabura ba tare da ko tari ba, har kansa ya bugi kujera. A kan titin filin jirgi ya sake mata, ya ga motoci suna komawa baya kamar an tsayar da su. Babu canjin giya, babu ƙara, sai iska. Shekara fiye da talatin yana riƙe da sitiyari, bai taɓa tuƙa abin da ya yi masa daɗi haka ba. Kuɗinta kuwa bai kai rabin na sauran biyun ba.

Da suka fito, Nasiruddeen ya ce, "To, Baba Muntaka, me ka gani?"

"Nasiru, za ni gaya maka gaskiya. Baƙar nan motar kwalta ta, in munka bi da ita hanyar Isa, cikinta za mu bari can. Farar nan kuwa, wallahi ta hi su duka daɗin tuƙi. Amma wuta taka ci. Ina wutar take garinmu? Yaushe rabon da ka ga ƙwan lantarki ya kama gidanku in ba da janareto ba? Jip ɗin nan ita ta dace da Alhaji."

"Baba, duniya ta wuce nan. Mai nawa ne lita yanzu? Wannan ba ta shan mai, ba a yi mata juyen baƙin mai. Ga sauƙin kuɗi."

"In ta lalace wa ka gyara ta?"

"Ba ta lalacewa."

Muntaka ya ce a kira Alhaji. Nasiruddeen ya kira, amma sai ya yi can gefe da wayar. Muntaka na tsaye yana jiyo "rabin kuɗi" da "ba ta shan mai" ana ta maimaitawa. Ba a miƙa masa wayar ba. Kafin la'asar an gama ciniki.

A kan tirela aka kawo ta Sabon Birni, an lulluɓe ta da tamfol. Ranar da aka sauke ta, ƙofar gidan Alhaji ta cika maƙil, har daga Burkusuma wasu suka zo a kan babur don su ga motar da ba ta da salansa. A makon ne kuma aka sayar da tsohuwar jip ga wani mutumin Shinkafi. Muntaka ya roƙi a bar ta ko don zuwa gona, Alhaji ya ce mota biyu ɓarna ce. Muntaka ne ya miƙa makullin da hannunsa, ya koma zaure ya zauna don kada ya ga fitarta.

Sai maganar caji. Nasiruddeen ya aiko da ƙaton janareto mai shan gas, aka girke shi a tsakar gida kusa da ɗakin ajiyar gero. Kafin batirin motar ya cika, sai janareton ya yi ta ruri tun hantsi har bayan la'asar. Matan gida suka ce ba sa jin maganar juna. Maƙwabta kuwa suka samu wurin cajin waya, kullum sai ka ga wayoyi sun fi talatin jere a kan tabarma. Muntaka ne ke zuwa sayo gas a jarka, a kan babur, don a ciyar da motar da aka ce ba ta shan mai. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tambaye shi, yana dariya, ko motar ce ta ji ƙishirwa.

Duk da haka ya ƙagu su hau hanya, ya nuna wa Alhaji abin da motar za ta iya. Ranar da za su tafi Isa ta'aziyya, ya goge ta tas ya fito da ita. Alhaji ya fito, ya tsaya yana kallonta cikin rana tana walƙiya, sai ya girgiza kai.

"Muntaka, mai da ta ciki. Hanyar ga ba lahiya gare ta ba. In mutanen daji sunka hangi wagga mota, sun san wa ke ciki."

Alhaji ya koma ya sa tsohuwar riga, ya naɗe fuska da rawani, ya tafi tasha ya shiga motar haya tare da kowa. Daga ranar haka abin ya zama. Zuwa gona a Kurawa kuwa, damina ta sauka, hanyar duk laka da yashi, sai dai babur. Tafiyar da ta rage wa motar ita ce ta masallacin Juma'a, wanda mai tafiya a ƙasa ma ba ya gajiya kafin ya kai. Mutumin da ya saba kwana biyu a kan hanyar Legas, ya koma tuƙin minti uku a mako, yana bin bayan awaki da masu tura baro.

"Kai dai ana biyanka," in ji Saude, ranar da ya dawo ya ƙi cin abinci. "Mi ad damuwarka?"

"Ke ba ki ganewa. Mota ta wadda in na taka ta, kahin ki gama dama hura na kai Isa. Ga ta nan an ɗaure kamar tunkiya."

Wata Juma'a, wata na huɗu da zuwanta, ya shiga ya taka birki, motar ta ƙi motsi. Allon ya cika da jan rubutu. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ga kashin ɓera da guntayen roba. Ɓerayen ɗakin gero sun samu wuri mai ɗumi, sun ci wayoyi. Ya kirawo Wada, bakaniken da ya fi kowa a garin. Wada ya zagaya ta, ya ga wasu wayoyi masu kauri ruwan lemo, ya ja da baya ya sa hannu a aljihu.

"Muntaka, wagga ba mota ta ba, wayar hannu ta mai taya. Ban taɓa ta, wuta ta kashe ni a banza."

Aka kira Abuja. Mai gyaran ya tambayi sunan garin, da aka faɗa masa ya ce ko nawa za a ba shi ba zai biyo wannan hanya ba. Da yamma Nasiruddeen ya kira mahaifinsa, Alhaji ya sa wayar a fili kowa na ji.

"Baba Muntaka, ko dai wani abu ka danna a allon? Ka san ba irin motocin da ka saba ba ce."

"Ɓera na, Nasiru. Ga kashinshi nan."

"To ai kula da mota aikin direba ne."

Muntaka ya dubi Alhaji yana jira ya ce wani abu. Alhaji ya gyara zama, ya ce, "Kai ma dai, Muntaka, tun hwarko ba ka son motar ga."

Muntaka ya so ya ce babu wanda ya kai shi son motar, shi kaɗai ne ma ya san abin da take iyawa. Ya so ya tuna wa Alhaji abin da ya faɗa da bakinsa kafin su tafi Abuja. Amma sai ya miƙe. Ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Alhaji," ya fita.

Aka sake ɗora ta a tirela. A Abuja kwana biyu aka yi aka gyara ta. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba ta dawo ba. Ran nan a tasha wani ya nuna wa Muntaka hoton bidiyo a waya: Nasiruddeen ne a wurin wani biki, yana fitowa daga farar motar, abokansa na tafi. Da Muntaka ya tambayi Alhaji, sai ya ce a bar ta can, can ne akwai wuta da masu gyara, za a duba wata daga baya.

Wata biyu Muntaka ya yi yana zuwa ƙofar gidan kowace safiya, direba ba mota. Wani lokaci a aike shi kasuwa, wani lokaci ya wuni a kan benci. Ranar da aka ce ya raka masu ɗaukar buhuna ya tsaya a kansu, ya jira Alhaji ya fito, ya durƙusa ya yi masa godiyar zaman shekara goma sha tara, ya ce zai koma tasha. Alhaji ya ce ya yi haƙuri zuwa kaka. Muntaka ya ce ya gode.

Wakili, shugaban direbobin tasha, abokinsa ne tun suna karen mota. Ya ba shi wata tsohuwar Golf mai zuwa Isa, wadda sai an ɗaure ƙofar bayanta da igiya. Ranar farko aka loda masa mutum takwas, da buhun wake biyu, da rago a but. Kujerar direban ta lotsa, ƙarfe na taɓa bayansa. Ya ja ta a hankali, yana kauce wa kowane rami kamar yadda ya saba. Ba su yi nisa ba wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya.

"Direba, gwamna ka ɗauko? Kasuwa za mu, rana na yi!"

Fasinjoji suka fashe da dariya. Muntaka ya dube ta ta madubi, ya ce, "Yi haƙuri, Inna." Ya sa giya ta uku, injin ya yi ƙara kamar zai faɗo, ya taka ta suka nufi Isa.